Inda Ƙarfen Gaya Ya Rabu Biyu

Daga Karakara zuwa Junju

Mun bar Karakara ranar Talata bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ni da mahaifina. Amalanken shanu muka hau, na maƙwabcinmu Ɗan Tani. Aka shimfiɗa wa Baba tabarma biyu, aka tokare masa baya da buhun ƙaiƙayi, domin tun da ya faɗo daga kan rumbu bara ƙugunsa ba ya ɗaukar zaman jaki, tafiyarsa kuma ba ta wuce daga ɗaki zuwa zaure. Inna ta biyo mu har bakin darni, ta miƙo mini goran fura, ta koma ciki.

Manya sun san dalilin tafiyar, amma zan faɗa saboda na baya. Wana Isaka, ɗan farin Baba, ya tafi cin rani Gaya shekarun baya, ya samu aikin tura wago, wato keken kaya mai ƙafafun ƙarfe, a kan wani ƙaramin ƙarfen jirgi da ke bakin kogin Kwara. Can ajali ya same shi, abokan aikinsa suka rufe shi. Daga gidanmu ba wanda ya je. Baba bai yi kuka ba, bai tambayi yadda aka yi ba, kun dai san kunyar ɗan fari a wurinmu. Tun tasowata ban taɓa jin sunan Isaka a bakinsa ba. In da ni yake magana sai ya ce "wanka", in da wani ne ya ce "wancan".

Bana bayan an ɗaure hatsi wani mai fataucin goro ya kawo saƙon baki daga Saini, abokin turin Isaka. Ya ce an gama gadar Kwara, kamfani zai kwashe ƙarfen ya mai da wurin filin tsayawar motoci, kabarin kuwa ba shi da wata alama sai inda ƙarfen ya rabu biyu. Mai son zuwa ya zo maza. Baba ya saurari saƙon har ƙarshe. Da ya idar da magariba ya ce, "Nomau, ka kai ni wurin wanka."

Na ce to. Amma Allah ya sani, tun a nan zuciyata ta raba tafiyar biyu, rabi na Baba, rabi na gishirin Fogha da nake son in saro in kawo kasuwarmu.

Mun isa Junju rana ta karkata. A bakin gari wani gardin gwamnati ya tare mu, ya duba takardar lanho, wato ta haraji, ya leƙa cikin amalanken.

"Ina za a kai tsoho? Wurin likita?"

"Ziyara," in ji Baba.

"Wa gare ka a Gaya?"

Baba ya zuba wa shanun ido. Ni na amsa, na ce ɗansa. Gardin ya miƙo takardar ya ce a gaishe shi.

Mun kwana a zauren wani dangin Inna. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, Baba ya ci loma kaɗan ya wanke hannu.

Daga Junju zuwa Bana

Laraba da hantsi muka samu kamiyo, babbar motar kaya, mai ɗauke da gyaɗa zuwa Gaya. Shofer ɗin mutumin Dahome ne, ƙato mai wushirya, kowa Papa yake ce masa. Ya dubi Baba ya dube ni.

"Tsoho gaba, kusa da ni. Kai bisa buhu. In ka faɗo ba ni tsayawa."

Ya karɓi kuɗin mutum ɗaya, ya ce na tsoho Allah ya biya. Shi da kansa ya ɗaga Baba ya zaunar, ya naɗe bargonsa ya sa masa a ƙugu. Hanyar duk gargada ce, amma duk inda rami yake sai in ji ya rage gudu ya lallaɓa motar. Da azahar muka shiga Bana, ya tsaya zuba wa motar ruwa. Ya ce kafin magariba muna Gaya.

Daga saman buhunan na hango kwarin Fogha, hayaƙi na tashi nan da can inda ake dafa gishiri, ga dogayen ƙunshinsa na kaba an jingine su jeri-jeri. Na sauko na je tagar Baba.

"Baba, jikinka ya sha wuya. Mu kwana nan ka huta, gobe mu bi wata."

"Ban ce na gaji ba."

"Fuskarka ta nuna."

Papa ya ce, "Kai, samari, mota ba kullum ba fa." Na ce na sani. Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo hannu na sauke shi. Laifina na farko ke nan a tafiyar, na yi ƙarya na lulluɓe ta da tausayi.

Zaman Bana

Wani mai dafa gishiri ya ba mu rumfa. Mutanen kirki ne, matarsa kan kawo mana dambu da safe, da yamma tuwo. Alhamis na yini a kwari ina ciniki, na sari ƙunshi shida masu kyau, na kwaso su na jibge bayan rumfar inda nake zaton idon Baba ba ya kaiwa. Motoci biyu suka wuce a ranar, duk cike, ba wadda ta tsaya.

Jumma'a da hantsi wata ta tsaya. Shofer ɗin ya ce yana da wurin mutum biyu, amma ko tsinke ba zai ƙara a kan kayansa ba. Na dubi gishirin, na ce masa ya sauka lafiya. Da na komo rumfa Baba na jan tasbaha.

"Na ji mota ta tsaya."

"Cike take, Baba."

"To," in ji shi. Ya ci gaba da jan tasbaharsa.

Wannan "to" ɗin ta fi mini zafi da a ce ya zage ni, amma duk da haka ban saki gishirin ba. Sai Lahadi muka samu motar da ta ɗauke mu har da kayan.

Gaya

Mun shiga Gaya da la'asar. 'Yan duwan, masu binciken kaya, suka soka wa ƙunshin gishirin tsinken ƙarfe, suka ɗanɗana, suka bar mu. Na yi tambaya har aka nuna mini gidan Saini can gangaren kogi, cikin giginyu. Mai motar ya yi mana alheri ya sauke mu a ƙofar gidan.

Saini Badande ne, ɗan asalin bakin kogin, gajere mai faɗin kafaɗa, masunci ne kafin ya shiga aikin ƙarfe. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ba abin da ba ya iya faɗi da ita. Ya durƙusa gaban Baba ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Fofo, Baba. Sannu da hanya. Kai, kamarku ɗaya da shi."

Sannan ya ja ni gefe. "Me ya tsai da ku? Har Jumma'a ƙarfen yana nan cif. Na ajiye wago guda, na ce in tsoho ya zo in tura shi har wurin. Jiya da yau muka kwashe kusan duka."

Na ce jikin tsoho ne. Ya dubi ƙunshin gishirin da ake saukewa, ya dube ni, ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Matarsa ta kawo shinkafa da kifi. Daga inda muke zaune muna hangen gadar, fara sol, motoci na hawa suna wucewa Dahome, ga kuma tsohon bak, babban jirgin da ke ƙetare da motoci a da, an ɗaure shi a gaɓa yara na tsalle daga kansa. Kusa da shi an tara ƙarafan tsibi guda. Ba irin dogon ƙarfen jirgin da ake ba da labari ba ne. Guntaye ne, kowane kamar tsani a kwance, faɗinsa bai fi kamu ɗaya da ɗan ƙari ba. Tsani ma suke ce masa.

Saini ya fuskance ni ya shiga ba da labari, amma ya ɗaga murya yadda tsoho zai ji ba sai ya tambaya ba. Ya ce da farko ƙarfen gajere ne, daga inda bak ke tsayawa zuwa rumfar awon gyaɗa, saboda yashin wurin ba ya barin mota ko amalanke su shiga. Da Bature ya kawo injin ɓarar gyaɗa ya gina masa gida can kan tudu inda ambaliya ba ta kaiwa, sai aka ƙara tsani har can. Daga baya wani ya kawo injin gurzar auduga, maimakon ya shimfiɗa nasa sai ya roƙi reshe, aka raba ƙarfen biyu a gindin tudun, hannun dama gyaɗa, hagu auduga. An taɓa kawo wani ɗan inji mai hayaƙi don ya ja wago, ya yi kaka guda ya mutu, har yau awaki ke kwana a inuwarsa. Mutane dai su ne injin. Biyu-biyu suke turi, kowa da abokinsa, a gangaro da buhunan gyaɗa da ɗaurin auduga, a hau da siminti da gangunan kananzir. Suna turi suna waƙa, don ƙafa ta zo ɗaya.

"Yanzu mota na ɗauka a bakin ƙofa ta haye gada," in ji shi. "Wa zai nemi wago?"

Sannan ya ci gaba, har yanzu ni yake kallo. "Ranar da abin ya faru an yi ruwa da safe, ƙarfe na santsi. Siminti muka ɗauko. Muna tsakiyar hawa itacen da muke tokare ƙafar wago da shi ya suɓuce, wago ya komo baya. Akwai mutum huɗu a ƙasanmu da nasu wago. Ni na yi tsalle gefe. Wanka kuwa ya sa kafaɗa ya tare wagon." Ya shafa fuskarsa. "Mun rufe shi a gindin tudun, wurin rabuwar, don ruwa ba ya zuwa can. Tun daga ranar duk mai turi in ya kawo wurin sai ya yanke waƙa, sai ya wuce ya ɗauko ta."

Baba ya ajiye cokalinsa na duma ya ce a ba shi buta.

Ranar Litinin

Da sassafe na goya Baba zuwa bakin ruwa, abin da bai fi taku kaɗan ba, amma kafin mu isa gumi ya jiƙa shi don ciwo. Tsani uku suka rage a ƙasa, da wago guda da ake kwasar ƙusoshi da shi. Daga nan sai sawun ƙarfen kawai, ya miƙe cikin yashi ya nufi tudu, nisansa kamar daga masallacinmu zuwa rijiyar fadama. Goyo ba zai kai shi can ba, jaki ba dama, amalanke ba ya shiga.

Na ce a kawo gado mu ɗauke shi mu huɗu.

"Gado a kafaɗar mutum huɗu?" in ji Baba. "Wannan makara ce. Ranarta na zuwa, ba sai kun yi mini gaggawa ba."

Na roƙe shi, Saini ya roƙe shi. Ya ce in iyakarsa nan ce, to a nuna masa wajen da hannu ya yi addu'a daga nan, Allah na ji. Ya juya fuskarsa wajen tudun. Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba, kuma na san ni na jawo.

Leburan da suka rage su shida ne har da Saini, suna tsaye suna jinmu. Cikinsu akwai wani dogon Bafillace, Buba. Ya tambayi Saini daga ina tsohon yake, da ya ji Karakara sai ya tafa hannu, kun dai san wasan da ke tsakanin Fulani da mu Arawa.

"Ashe Ba'are ne! Kai tsoho, ka bar gida ba ka nemi izinin ubangidanka ba?"

Baba ya waiwayo a hankali. "Wa ya kwance wannan daga turke? Yaro, ina shanun da na ba ka kiwo?"

Aka yi dariya, har Baba ya ɗan murmusa. Buba ya taka tsanin da ke gabansa da ƙafa ya ce wa Saini, "To mu da muka shimfiɗa abin nan, yaya muka yi tun farko? Ba na baya muke ɗaukowa mu sa gaba ba?"

Saini ya dubi tsanin uku, ya dubi tudun. Ya tafi wurin shef ɗinsu mai kula da aikin, wani mutumin Dahome mai farar hula da ke zaune kan ganga. Shef ya ce kamiyon da zai kwashe sauran ƙarfen yana zuwa bayan azahar, kuma ba zai jira kowa ba. "Kafin nan," in ji shi, "ni ina kallon kogi."

Aka share wagon, aka shimfiɗa tabarma da bargo, aka zaunar da Baba yana fuskantar gaba. Saini da wani suka kama turi. Wago ya bi ta kan tsani na farko, na biyu, ya tsaya a kan na uku. Mutum huɗu suka koma baya suka ciccibi na farko, suka zagayo da shi ta gefen wagon, suka ajiye a gaba, suka haɗa bakinsa da na ukun. Suka koma suka ɗauko na biyu. Aka tura. Aka sake komawa.

Ni ina tsaye da farar rigata ina kallo, sai Buba ya ce, "Kai mai gishiri, hannunka na aro ne?" Ashe labarin ya riga ya zaga. Na tuɓe rigar na kama. Ƙarfen ya fi yadda nake zato nauyi, gefensa duk tsatsa, kuma kafin hantsi ya yi zafin da ba a riƙe shi sai da tsumma. Ni ba ni da tsumma, na kuma ji kunyar roƙo. Tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe. Na ci gaba da ɗauka, na ga kamar hakkina ne.

Suka ɗauko waƙarsu, rabi Dandanci rabi Hausa, Saini na bayarwa suna amsawa. Buba kuwa bakinsa bai huta ba.

"Ba'are, yau ka zama buhun gyaɗa. In mun kai sai an auna ka."

"Tura dai, bawana," in ji Baba. "In ka yi da kyau in 'yanta ka."

Wajen rabin hanya muka ajiye wani tsani a karkace, ni ne ma ban daidaita gefena ba. Ƙafar wagon ta zame ta nutse cikin yashi, wagon ya kife gefe guda. Baba ya yi wani nishi mai ƙarfi, ya riƙe bakin wagon har jijiyoyin hannunsa suka fito. Muka taru muka ɗaga, muka mai da shi kan ƙarfe. Saini ya ce ko a huta. Baba ya dubi rana, ta kusa tsakiya, ya ce a ci gaba.

Daga nan ba wanda ya sake wasa. Ɗauko, zagayo, ajiye, tura. Inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafafunmu. Waƙar ce kaɗai ke riƙe da mu, ni ma da ban san kalmominta ba na shiga amshi. Muna cikin haka, ina riƙe da gaban tsani, sai na ji waƙar ta yanke tsakiyar baiti. Ba wanda ya ce a yi shiru. Ƙarar ƙafar wagon kawai ta rage.

Baba ya ɗaga kai. "Nan ne?"

"Nan ne, Baba," in ji Saini.

A ƙasa ana ganin sawun ƙarfen ya rabu, ɗaya ya yi dama ɗaya hagu. Tsakaninsu ga wani ɗan tudu da ciyawa ta rufe, giginya guda na tsaye kusa da shi. Muka sauke Baba, ya ce a sake shi. Da sandarsa ya yi takun da ya rage shi kaɗai, ya zauna a ƙasa wajen kan kabarin. Muka tsuguna bayansa. Ya yi addu'a mai tsawo muna amsawa, muka shafa. Na zaci an gama. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙasar, ya ce da muryar da yake kiran mutum daga gona:

"Isaka. Ni ne. Na zo."

Saini ya rufe fuskarsa da hula. Buba ya tashi ya koma bayan giginyar.

Kafin mu juyo leburan suka kwaso marmara suka kewaye kabarin, suka tara ta har gwiwa, don masu gyaran fili su gani su kauce. Komowa ta fi sauƙi da yake gangara ce, duk da haka muna ajiye tsani na ƙarshe a bakin ruwa kamiyon na isowa. A gabanmu aka loda tsanin uku, aka ɗora wagon a kansu ƙafafu sama.

Da muka koma gidan Saini, Baba ya kira ni gaban mutanen. "Gishirin nan da ka ɓoye bayan rumfa a Bana, kawo shi. Su shida ne, shi ma shida ne. Shi ya sa su aikin yau, shi zai biya su." Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya dubi hannuwana ya ce, "Je ka a sa maka man kaɗanya."

Komowa

Talata muka samu Papa zai koma arewa ba kaya, ya ɗauke mu har Junju a yini guda. Da muka zo Bana ya leƙo ya ce, "Samari, ba ka sauka?" Na ce a'a. Muka kwana Junju, Laraba Ɗan Tani ya zo da amalanke, muka shiga Karakara ana kiran la'asar.

Inna ta kawo ruwa ta gaishe mu da hanya, ba ta tambayi Baba kome ba. Sai da na zaga bayan rumbu wanke ƙafa ta biyo ni, ta tsaya tana gyara murfin tulu, ta ce, "Da inuwa a wurin?" Na ce akwai giginya. Ta ce to, madalla.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya komo da mu. Ina gode wa Ɗan Tani da Papa, da mutanen Bana da suka ciyar da mu, da Saini da Buba da sauran huɗun da ban ma riƙe sunayensu ba, da shef ɗin da ya yini yana kallon kogi. Wanda ya karanta wannan ya roƙa mini gafara, ya yi wa wana addu'a. Baba yana nan da sauƙi. Jiya ya ce in damina ta wuce in koma in duba ko marmarar tana nan a wurin wanka. Bai sake faɗin sunan ba, ni kuma ban gaya wa kowa a gida na ji ba sai yau.